Ajin gina taurarin labari a Samaru: abin da ake samu da abin da ya rage

Zariya ba baƙuwa ba ce ga ƙagaggen labari, domin a nan aka shirya gasar rubutu ta 1933 wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a Hausar boko, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Saboda haka ne na je ajin da wata malama take gudanarwa ranar Asabar a Samaru da niyyar auna shi da ma'auni mai tsauri.

Ajin bai damu da jigo ko zubi da tsari ba sai kaɗan. Aikinsa ɗaya ne, wato yadda marubuci zai gina tauraron da mai karatu zai yarda cewa mutum ne mai rai. Malamar tana karɓar babin farko na kowane ɗalibi, ta karanta a gaban jama'a, sannan ta yi tambayoyin da yawancinmu ba mu taɓa yi wa kanmu ba. Da wata ɗaliba ta kawo labarin kishiyar da ba ta da aiki sai zuwa wurin boka, malamar ta ce mata, "Ƙanwata, me wannan matar take tsoro, kuma wa take ƙauna a duniya?" Bayaninta shi ne muguntar da ba ta da dalili ba ta tsorata kowa, amma uwargidan da take fargabar makomar 'ya'yanta idan an raba gado tana iya aikata abin da ya fi haka muni, mai karatu kuma ya fahimce ta ko da bai yafe mata ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne darasin zance. Malamar ba ta yarda alhajin Birnin Zariya da ɗalibar unguwar Kongo da mai keke na unguwar Kwangila su yi magana iri ɗaya ba, lamarin da ya cika littattafanmu. Takan tura ɗalibai Kasuwar Sabon Gari su saurari ciniki, ko su zauna wurin masu ɗinkin babbar riga a cikin ganuwa, su lura da wanda yake tsawaita gaisuwa da wanda yake yanke ta, da kuma wanda kunya take hana shi ambaton sunan ɗan fari. Irin waɗannan ƙananan halaye su suke sanar da mai karatu shekarun tauraro da tarbiyyarsa ba tare da an cika shafi da siffanta dogon hanci da farin ido ba.

Akwai gyara. Ɗalibai sun yi yawa, har wasu kan koma gida ba a duba aikinsu ba, kuma ba a raba darasin a rubuce. Misalan ma kusan duk na zaman aure ne, don haka mai rubuta labarin tarihi ko na bincike zai ƙaru kaɗan ne kawai. Kuɗin rajista dai bai fi ƙarfin ɗalibin jami'a ba.

Ina ba da shawarar ajin ga wanda ya riga ya rubuta wani abu kuma yake iya jure a warware masa shi a bainar jama'a. Wanda bai fara ba, gara ya kammala ko da gajeren labari ɗaya ne kafin ya biya kuɗinsa.