Kafin ka sayi kayan noman ruwa: abin da ke hana saiwa ruɓewa da abin da ke cin kuɗi kawai

Yawancin masu fara noman ruwa, wato shuka kayan lambu ba tare da ƙasa ba, kwalbar magani ce abin da suke fara nema idan shuka ta yi yaushi. Alhali ruɓewar saiwa tun ranar cefanen kaya ake ɗauko ta. Irin tsarin da ka zaɓa, irin mazubin da ka saya, da ko ruwanka zai samu iska da sanyi, su ne ke yanke hukunci tun kafin iri ya tsiro.

Ka fara sanin abin da kake gudu. Saiwa mai lafiya fara ce ko mai ɗan ruwan madara, tana da ƙwari, ba ta da wari. Wadda ta kamu kuwa takan koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, tana tashin warin kwata. Ka kama ɗaya da yatsu biyu ka ja a hankali: idan fatar waje ta saluɓe ta bar siririn zare a ciki, ta ruɓe. Kada launi kaɗai ya ruɗe ka, domin wasu takin ruwa masu duhu sukan rina saiwa ba tare da wata cuta ba. Muddin tana da ƙwari kuma babu wari, ka kwantar da hankalinka. A sama kuma alamar farko ita ce shuka ta langaɓe da tsakar rana alhali tana zaune cikin ruwa, ta farfaɗo da yamma. Mai laifin galibi wata ƙwayar cuta ce da ake kira Pythium, wadda 'ya'yanta ke iyo cikin ruwa daga wannan shuka zuwa waccan. Tana iya shigowa ta ƙasar da ta maƙale a dashe, ta ruwan rijiya ko na kududdufi, har da ƙananan ƙudajen da ke shawagi a gindin shuka. Amma ta fi samun galaba a kan saiwar da ta riga ta galabaita saboda ƙarancin iska.

Nan ne zafi ya shigo. Ruwan da ke kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyos yana riƙe iskar oksijin kusan miligram 9 a kowace lita, idan ya kai digiri 30 sai ta sauko wajen 7.5. Ga shi kuma a cikin ɗumi saiwa ta fi buƙatar iskar, ƙwayar cutar ma ta fi saurin yaɗuwa. Shi ya sa ake son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 22. Wanda ya san bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Saboda haka abin da zan ce ka fara saya shi ne ma'aunin zafin ruwa, irin na masu kiwon kifin ado. Yana cikin mafi araha a kayan duka, kuma shi zai gaya maka ko sauran kuɗin ya cancanci kashewa.

Sai zaɓen tsari, kuma tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: awa nawa nake samun wuta?

Tsarin bututu, wanda masu sayarwa ke kira NFT, shi ne ya fi kyau a hoto: fararen bututu a jere, latas ya yi shar. Ruwa kaɗan ne ke gudana a ƙasan bututun, saiwa na samun iska sosai. Amma ransa na hannun famfo, wato injin da ke tura ruwan. Aka ɗauke wuta da rana, saiwa za ta fara bushewa cikin ɗan lokaci, kuma saiwar da ta bushe ta sake jiƙewa ita ce abincin Pythium. Ga shi duk shukokin ruwa ɗaya suke sha, ɗaya ta kamu, sauran na kan layi. Idan ba ka da sola da batir, ka bar shi tukuna.

Tsarin bokiti mai zurfi, DWC, saiwa na nutse cikin ruwa ana hura mata iska da ɗan famfo. Yawan ruwan na sa ya yi jinkirin ɗaukar zafi, kuma famfon iska ba ya cin wuta, 'yan wat kaɗan ne. Akwai ma masu batir a ciki da ke ci gaba da aiki idan wuta ta tafi, irinsu za ka nema ko da sun ɗara tsada. Famfo ya tsaya dare guda a ruwa mai ɗumi, da safe za ka ji wari.

Akwai kuma hanyar Kratky, mai sunan wani masani na Jami'ar Hawaii. Ba famfo, ba wuta. Ana cika mazubi, shuka na sha ruwan na sauka, sai a samu sarari tsakanin murfi da ruwa inda saiwar sama ke shan iska. Ga latas da sauran ganye masu saurin girma ta wadatar. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne tausayi: mutum ya ga ruwa ya ragu ya sake cika shi fal, ya nutsar da saiwar da ke numfashi, kwana kaɗan ta ruɓe. In za ka ƙara ruwa, ka bar sararin nan yadda yake.

A ganina, ga mai farawa a ƙasa mai zafi da wutar da ba ta da tabbas, musamman mai son tumatir, tattasai ko kokwamba, tsarin ɗigo ya fi kwanciyar hankali. Ana cika buhu ko bokiti mai huji da ɓawon kwakwa da aka sarrafa, ko ɓuntun shinkafa da aka turara ko aka babbake, ana ɗiga ruwan taki a kai. Kayan na riƙe laima da iska tare, famfo ya tsaya rabin yini ba abin da zai faru. Ɓuntu kuwa ba wahalar samu yake ba a wuraren casar shinkafa irin su Kura. Sharaɗi ɗaya ne, ruwa ya riƙa tsiyayewa ta ƙasa, kada gindin bokiti ya zama tafki.

Mazubi ma kada ka raina shi. Wanda haske ke ratsawa yana haifar da gansakuka, ita kuma da dare tana rabon iska da saiwa. Baƙi yana tare haske amma yana zuƙar zafi, don haka ka shafa masa farin fenti a waje ko ka naɗe shi da abu mai ƙyalli. Kular ƙanƙara ta fi su duka in aljihu zai ɗauka. Babba kuma ya fi ƙarami, domin lita 100 ba ta ɗumama da saurin lita 10.

Injin sanyaya ruwa yana aiki, babu musu, amma tsadarsa da wutar da yake ci sun fi ƙarfin lambun bayan gida. Kafin ka kai can, ka gwada inuwa, ka binne tankin rabi a ƙasa, ko ka ari dabarar tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabo ta Rolex a kanta a 2000: bokitin roba cikin babbar randa, jiƙaƙƙen yashi a tsakani. A busasshiyar iskar bazara tana rage zafi, da damina kuwa ƙarfinta na raguwa. Jefa gorar ƙanƙara na taimakawa a ranar da abin ya ƙazanta, amma hawa da saukar zafi kullum shi ma yana wahalar da saiwa.

Yanzu ga kwalaben magani. Gida biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Gida na farko masu kashe komai ne, kamar haidurojin feroksaid mai kashi 3 cikin 100 da ake samu a kemis. Masu noman sun saba sa mililita 2 zuwa 3 a lita. Yana da araha, amma yana saurin bajewa, sai an riƙa maimaitawa, kuma in ya yi yawa yana ƙona ƙananan saiwoyi. Gida na biyu ƙwayoyin halitta ne masu amfani, irin su Bacillus da Trichoderma, waɗanda ke mamaye saiwa su hana mugun samun wurin zama. Wanda ake sayarwa da sunan Hydroguard na cikin sanannunsu. Rigakafi ne, ba sa ta da saiwar da ta mutu, kuma da yake masu rai ne, kwalbar da ta daɗe a shago mai zafi ƙila ba abin da ya rage a ciki, ka duba ranar ƙarewar aikinta. Wanda ya zuba feroksaid a kan Bacillus ya kashe abin da ya saya da kuɗinsa. Bilic irin su Hypo ko Jik kuwa na wanke kaya ne tsakanin girbi da sabon dashe, awo 1 na bilic a awo 9 na ruwa, a ɗauraye sosai.

Ka haɗa da abin gwada pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ko da na takarda ne, ka riƙe ruwan tsakanin 5.5 da 6.5. Da almakashi ɗaya da ba ya taɓa ƙasar lambu. Ranar da ka ga alamar ruɓewa, ka cire shukar da ta fi lalacewa ka yar da ita nesa, ka datse saiwar da ta yi yauƙi a sauran, ka zubar da ruwan duka, ka wanke mazubi da bututu da dutsen da ke fitar da kumfar iska, sannan ka zuba sabo. Daga nan ka tsoma ma'aunin zafi da ƙarfe 3 na rana ka ga abin da ya nuna, domin in ruwan na nan a digiri 30, cutar za ta dawo ko wace kwalba ka saya.