Arduino Uno ko Raspberry Pi: wanne za ka sa wa mutum-mutuminka?

In bin layi ko kauce wa bango kawai mutum-mutuminka zai yi, ɗauki Arduino Uno, wani ƙaramin allon lantarki da ake tsara wa umarni ya sarrafa na'ura. RAM ɗinsa, wato ma'ajiyar da yake aiki da ita, kilobait 2 ne kacal a samfurin R3, amma da ka ba shi wuta ya kama aiki, kuma ƙafafun allon, inda ake jona wayoyi, suna jure bolt 5.

Raspberry Pi kuwa cikakkiyar kwamfuta ce mai aiki da babbar manhajar Linux, ita ta dace da aikin kyamara. Sai dai tana son lallaɓawa. Ƙafafunta bolt 3.3 suke ɗauka, ka ba su 5 su ƙone. Injin taya ya fizgi wuta, sai ta ɗauke, wani lokacin har katin SD ya lalace. Shi ya sa nake ware wa injinan batirinsu daban, in haɗe wayoyin ƙasa (na nagatif) na batirin da na allon wuri guda.