Gidan tarihin Stax da ke Memphis ya cancanci kuɗin tikitinsa

Baƙon da ya sauka Memphis a Amurka, gidan mawaƙi Elvis Presley ake fara nuna masa. Ni kuwa gidan tarihin Stax, tsohon kamfanin faifan kiɗan soul, da ke titin McLemore na nufa, kuma ban yi da-na-sani ba.

Da shigarka za a nuna maka ɗan gajeren fim, daga nan sai ka tsinci kanka a cikin wani tsohon cocin katako da aka kwance daga karkarar Mississippi aka sake haɗa shi a cikin ginin. Dabara ce mai kyau. Ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka gane cewa daga waƙoƙin ibadar baƙaƙen fata kiɗan soul ya samo muryarsa.

Inda na fi daɗewa shi ne sashen farkon kamfanin. Jim Stewart, ma'aikacin banki, shi ya kafa shi a 1957 da sunan Satellite, yayarsa Estelle Axton kuma ta jinginar da gidanta aka sayi na'urar naɗar sauti. A 1960 suka koma wata tsohuwar silima a wannan unguwa ta baƙaƙen fata. Kuɗin gyara daɓen da ya gangara babu, sai aka bar shi haka, ashe shi zai ba wa kiɗansu wannan amo mai kauri. An maimaita gangaren a ɗakin naɗar da aka sake ginawa, har ƙafarka tana jin sa. Estelle kuwa ta buɗe shagon faifai a bakin ƙofa, tana sa wa samarin unguwa sabuwar waƙa ta ga ko za su taka. A ganina an rage wa matar nan hakkinta a labarin kiɗan Amurka.

Ka tuna lokacin wariyar launin fata ne, amma ga Booker T. Jones da Steve Cropper, baƙi da fari, suna kiɗa a ƙungiya ɗaya. Shahararren mawaƙi Otis Redding ma direba ya zo a 1962, aka ba shi sauran mintunan naɗi da suka rage ya gwada muryarsa. Hatsarin jirgin sama ya ɗauke shi a Disambar 1967, kamfanin ya durƙushe a 1975, aka rushe ginin na asali a 1989. Wanda ake shiga yanzu a 2003 aka buɗe shi, a kan filin na da.

Motar Cadillac ta mawaƙi Isaac Hayes mai adon zinare ita ce ke tara jama'a da wayoyinsu. Ta yi kyau, amma minti biyar ya ishe ta. Ka ware awa biyu, rabinsu ka ba wa cocin da shekarun 1957 zuwa 1967, sannan ka duba ranakun buɗewa kafin ka ɗauki tasi.