Final Fantasy ko Zelda: amsa ga mai PlayStation 4 a hannu

Ɗan'uwa daga Mabera ya yi tambaya cewa ya gaji da buga ƙwallo a PlayStation 4 ɗinsa, yana son ya shiga wasannin tatsuniya, to da wanne zai fara tsakanin Final Fantasy da The Legend of Zelda. Malam, na daɗe ina buga dukansu, kuma amsar da zan ba ka ta dogara ne kan injin da ke ɗakinka fiye da wanda ni kaina na fi so.

Dukansu 'yan Japan ne, kuma kusan sa'annin juna ne. Kamfanin Nintendo ya fitar da Zelda na farko a shekarar 1986 a ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, sannan kamfanin Square ya biyo da Final Fantasy a 1987, wanda Hironobu Sakaguchi ya ƙirƙira, kafin Square ya haɗe da Enix a 2003 su zama Square Enix. Daga nan kuma kowa ya kama gabansa.

Final Fantasy labari ake ba ka. Kowane mai lamba, daga na 1 har zuwa na 16 da ya fito a 2023, duniyarsa daban, mutanensa daban, don haka babu laifi idan ka fara da na 10 ba tare da ka taɓa ganin na 9 ba; abin da ke maimaituwa ƙalilan ne, kamar tsuntsun hawa da ake kira Chocobo da wani mutum mai suna Cid da yakan bayyana da sabuwar kama a kusan kowane zubi. A na 10, wanda ya fara fitowa a PlayStation 2 a 2001, faɗa bi da bi ake yi: jerin waɗanda za su kai hari yana gefen allo, kana iya ajiye abin sarrafawa ka sha ruwa, ka dawo ka tarar abokin gaba yana jiranka, ka sauya mai takobi da mai sihiri idan dodon da ke gabanka ƙarfe ba ya cinsa. Sai dai zancen yana da yawa, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba zai rasa rabin daɗin, domin a cikin hirar mutanen ne ainihin abin yake.

Zelda kuwa sakinka ake yi a daji. Jarumin, wanda sunansa Link ba Zelda ba (Zelda gimbiya ce, kuma sababbin shiga sukan rikita su), kusan ba ya magana, kuma a Breath of the Wild na 2017 duk dutsen da idonka ya hango a ƙasar Hyrule kana iya nufarsa ka hau. Idan ruwan sama ya sauko dutsen yakan yi santsi ka zamo, idan ana tsawa kana saɓe da takobin ƙarfe aradu za ta faɗo maka, kuma idan ka shiga hamadar Gerudo da rana tsaka ba tare da tufafin da suka dace ko abinci mai sanyaya jiki ba, ƙarfinka zai riƙa raguwa, abin da duk wanda ya taɓa ratsa Sakkwato a ƙafa cikin watan Afrilu ba ya buƙatar a yi masa bayani. Makamai suna karyewa, wanda yake ba mutane da yawa haushi, ni ma har yau ban gama yafe masa wannan ba. Duk da haka, a ganina shi ne wasan da ya fi gwaninta a cikin biyun.

Matsalar ita ce Nintendo ba ya sakin Zelda a kan PlayStation, don haka sai ka sayi Switch, injin wasan Nintendo da ake iya riƙewa a hannu, ƙarin kuɗi ke nan kafin ma a zo ga kuɗin wasan. Abin da zai sa mutum ya yi tunanin sayen shi ne batir, domin samfurin Switch da aka sabunta a 2019 yakan kai kimanin awa biyar da rabi ana buga Breath of the Wild, alhali PlayStation 4 da an ɗauke wuta shi ke nan, sai ka koma inda ka yi ajiya ta ƙarshe.

Tunda PlayStation 4 gare ka, shawarata ita ce ka nemi faifan Final Fantasy X/X-2 HD Remaster, wato na 10 da ci gabansa, wanda ya zo wannan injin a 2015, don kada ka ƙona data wajen saukewa. Final Fantasy VII Remake na 2020, wato sabon zubin na 7, ya fi shi kyan hoto, amma faifai biyu ne masu cin wuri sosai, kuma labarinsa a birnin Midgar ya tsaya, ci gabansa na 2024 bai zo PlayStation 4 ba. Na 16 ma haka, kuma na manya ne, bai dace a kunna shi a gaban ƙanne ba. Na 14 kuwa sai da intanet a kowane lokaci, kuma cikakkensa biyan kuɗin wata ake yi, saboda haka ka bar shi tukuna.