Na'urar tace iska ta ƙaramin ɗaki: abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, ko an goge ɗaki da safe, kafin la'asar mutum zai iya rubuta sunansa da yatsa a kan gilashin tebur. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙurar daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ƙurar da ido ke gani ita ce mai nauyi, hanci da maƙogwaro kuma suna tare mafi yawanta. Mai illar ita ce wadda ba a gani, wadda masana ke kira PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikron 2.5 ba. Silin gashin kai guda ya ninka ta kauri kusan sau talatin. Ita ce ke kutsawa har ƙasan huhu, kuma ba hazo kaɗai ke kawo ta ba: hayaƙin igiyar leko, da turaren wuta, da girkin itace, da injin maƙwabci duk suna zuba ta a ɗaki. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicinta na awa 24 ya wuce maikrogiram 15 a kowace mita kubik ta iska ba.

Aikin na'urar tace iska shi ne rage wannan ƙura a ɗaki ɗaya rufaffe. Cikinta ba wani abin mamaki ba ne: fanka ce da filta. Fankar ta jawo iska, filtar ta riƙe datti. Saboda haka tambaya biyu ce ke raba ta gari da ta ado: iska nawa take tacewa a awa, kuma in filtarta ta cika ina za ka samo wata.

Fara da awon ɗakinka

Lambar da za ka nema a jikin kwali ko takardar bayani ita ce CADR, wato yawan tsaftatacciyar iskar da na'urar ke fitarwa. Kayan Turai da na Sin suna rubuta ta da mita kubik a awa, m³/h. Na Amurka suna rubuta cfm, sai ka ninka da 1.7 ka sami daidai da ta farko.

Lissafin mai sauƙi ne. Ɗauki ɗakin da muka saba, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, silin ƙafa 10. Iskar da ke cikinsa kusan mita kubik 40 ce. Ana son a tace iskar ɗaki kamar sau biyar a awa, don haka 40 sau 5, kana bukatar CADR na wajen 200. In ɗakin ƙafa 10 ne ta kowane gefe, iskarsa wajen mita kubik 28 ce, 140 ta wadatar. Kada ka manta da tsayin silin, domin yawancin lissafin kamfanoni an gina shi a kan silin ƙafa 8, namu kuwa kan fi haka tsawo.

A nan mutane ke faɗawa rami. Kwali zai ce na'urar ta isa ɗaki mai faɗin murabba'in mita 40 ko 50, alhali an yi wannan lissafi ne a kan tace iskar sau ɗaya ko biyu kacal a awa. A ɗakin da ƙura ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ba dare ba rana, wannan bai isa ba. Na'urar da kuma ba a rubuta CADR ɗinta ko'ina ba, shawararmu ka bar ta a kanti, komai kyawunta.

Wani abin da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba: ana auna CADR ne fanka tana kan lambar ƙarshe, inda ƙararta kan kai desibel 50 ko sama da haka. Ba kowa ke iya barci da wannan a kusa da kai ba. A lambar barci ƙarar takan sauka ƙasa da desibel 30, amma iskar da take tacewa ma ta ragu sosai, sau da yawa ƙasa da rabi. Shi ya sa ya fi ka sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin ɗakinka, ka bar ta a lambar tsakiya, a kan ka sayi 'yar daidai wadda sai ta yi ta ruri kafin ta yi aiki.

Ire-iren da ke kasuwa

'Yan ƙananan nan na kan tebur masu cajin USB, masu girman kofin shayi, da na ratayawa a wuya, ba na ɗaki ba ne. Ko sun sami filta ta gari, fankarsu ba ta da ƙarfin juya iskar mita kubik 40. Haka masu ƙwallon ruwa da ke juyawa ana ɗiga musu turare: suna ba da ƙamshi da ɗan danshi, amma ƙura mai laushi tana wucewa abinta. Na'urar sa danshi ma daban take da mai tace iska. Tana taimaka wa bushewar hanci a hunturu, sai dai in ta mai fesa hazo ce kuma aka zuba mata ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri, farin gari take ƙara wa iskar.

Masu sakin sinadarin ozon, da ake tallata su a matsayin masu kashe wari da ƙwayoyin cuta, a guje su a ɗakin da mutane ke kwana. Ozon yana ƙona hanyar numfashi yana kuma tayar da asma. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da na'urar tace iska ta gida da ke sakin fiye da 0.050 ppm nasa, wato kashi 0.050 cikin miliyan na iska. Akwai kuma masu caza ƙura da lantarki, waɗanda a jikinsu za ka ga kalmar ion. Ƙurar ba ta fita daga ɗakin, mannewa take a bango da labule, wasunsu kuma suna sakin ɗan ozon. In na'urar da ka zaɓa tana da wannan a matsayin ƙari, tabbatar akwai maɓallin kashe shi. Fitilar UV, wadda ake sa wa don kashe ƙwayoyin cuta, ba ta cancanci ƙarin kuɗi a ƙaramar na'ura ba, don iska na gifta ta cikin ƙiftawar ido.

Abin da ya rage, kuma shi ne zaɓin gaskiya, shi ne mai filtar HEPA, wato filtar kama ƙura mai laushi, yawanci mai siffar bokiti, da ke jan iska ta kowane gefe ya fitar ta sama. HEPA a ma'aunin Amurka tana riƙe kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikron 0.3. A ma'aunin Turai, HEPA mai darajar H13 tana riƙe kashi 99.95, H14 kuma 99.995. Kada tsadar H14 ta ruɗe ka. Filta in ta cika matsewa, iska na wahalar ratsa ta, sai CADR ya faɗi. Ga ƙurar ɗaki, filtar da ta ɗan gaza H13 amma fanka na tura iska mai yawa ta cikinta ta fi H14 mai numfashi da ƙyar, tunda iskar za ta sake zagayowa sau da yawa a awa.

Don ka ga inda masu wannan girma suke tsayawa, ga alƙaluman da kamfanoninsu suka bayar da mita kubik a awa: Xiaomi Smart Air Purifier 4 Compact tana da CADR 230, Philips AC0820 tana da 190, Levoit Core 300 ƙirar Turai kuma 187. Ga ɗaki ƙafa 10 duk ukun sun wadatar har da rara. Ga mai ƙafa 12 da dogon silin, ta farkon ce ta haye 200, sauran biyun suna bakin iyaka, sai an ƙure musu fanka. In ɗakin ya wuce haka, ko falo ne, bar maganar 'yar ƙarama, ka nemi mai 300 zuwa sama.

Gawayi, wari da hayaƙin inji

HEPA ba ta kama wari ko gas, ƙwayoyi kawai take riƙewa. Mai kama wari shi ne gawayin da aka sarrafa, wanda ake sa wa a bayan filta. Ciro filtar ka girgiza ta kusa da kunne. In ka ji ƙwayoyi na kaɗawa kamar tsakuwa, akwai gawayin kirki. In baƙin soso ne siriri kawai, cikin 'yan makonni zai ƙoshi ya daina aiki. A ƙananan na'urori gawayin ba ya da yawa, don haka kada ka sa rai za ta cinye warin fenti ko na fetur.

Wannan kuma a riƙe shi da kyau: babu na'urar tace iska ta gida, komai tsadarta, da ke cire gubar kabon monoksaid da ke fita daga janareta ko kaskon gawayi. Gubar ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. Tunda na'urar na bukatar a rufe taga, haɗarin ƙaruwa yake ga wanda ya kunna inji a baranda ko ya shigo da garwashi ɗaki don jin ɗumi. Inji a waje, nesa da taga da ƙofa. Garwashi kuma kada ya kwana a rufaffen ɗaki.

Wuta

Duba 'yar takardar da ke manne a ƙasan na'urar. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana volt 220 zuwa 240 ce. Kayan Amurka, musamman na gwanjo, yawanci 120 ne, kana jona su kai tsaye injin ya ƙone. Wadda aka rubuta mata 100–240V ta fi jure hawa da saukar wuta. Cin wutarsu kaɗan ne, wat 20 zuwa 45 a lambar ƙarshe. Mai wat 30 in ta kwana ta wuni a kunne ba ta kai yunit ɗaya ba, 0.72 ne, don haka ƙaramin inbata ko sola na ɗauke ta ba wahala.

Abin da za ka gwada tun a shago: kunna ta, zare filogi, sake jonawa. In ta tashi da kanta a lambar da ka bar ta, madalla. Da yawa masu maɓallin taɓawa ba sa tashi, sai a ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare a dawo da ita ƙarfe biyu, na'urar kuwa ta kwana a kashe.

Filta ita ce ainihin kuɗin

Kamfanoni kan ce filta na yin wata 6 zuwa 12. A garin da hazo ke rufe rana, sa rai da ƙasa da haka. Kafin ka biya, tambayi mai shago ya nuna maka filtar canji da idonka, ka ji kuɗinta, in da hali ka haɗa da guda ɗaya tun ranar. Na'urar da filtarta sai an yi oda daga waje an jira wata biyu, ƙarshenta zama take a lungu. A kula da na jabu: takardarsu sakwa-sakwa ce, ninkin cikinta ba shi da yawa, robar bakinta kuma ba ta zama daram, sai iska ta bi ta gefe ba tare da an tace ta ba.

Sabuwar na'ura tana zuwa ne filtarta na naɗe cikin leda a ciki. Buɗe ƙasan ka cire ledar kafin ka kunna. Mutane da dama kan yi makonni fanka na juyawa ba abin da take tacewa. Ragar da ke lulluɓe da filta ta waje, wadda ke tare gashi da ƙura mai kauri, a goge ta da busasshen buroshi mai laushi duk mako a hunturu, a waje ba cikin ɗaki ba. Ita HEPA ba a wanke ta. Ruwa na lalata zarenta ko da ta bushe ta yi kamar sabuwa. Jar fitilar canjin filta a yawancin ƙananan na'urori awanni kawai take ƙirgawa, don haka dogara da idonka: in farar takardar ta koma ruwan ƙasa kuma iskar da ke fita ta yi rauni, lokaci ya yi.

Ajiye ta a ƙasa ko kan ɗan tebur, taku biyu ko uku daga gado, da tazarar kamu biyu daga bango da labule. Toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, in tagar mai gilashin luba ce a rufe ta sosai a saki labule mai kauri. Da rana, lokacin da hazo ya lafa, buɗe taga na ɗan lokaci iska ta sauya, domin na'urar ba ta ƙara iskar shaƙa. Ba ta kuma sanyaya ɗaki, saboda haka a zafin Afrilu da ake kwana taga a buɗe amfaninta kaɗan ne. Mai asma ya ci gaba da maganin da likita ya ba shi. Ranar da ka sa sabuwar filta, rubuta kwanan wata da biro a bakinta, shi zai nuna maka wata nawa take yi a ɗakinka.