Zanin gadon fulanel na auduga zalla: laushinsa na hannun mai wanki

Fulanel auduga ce da aka bi fuskarta da burushin ƙarfe a masaƙa har zaren ya tashi ya yi gashi-gashi. Wannan gashin ne yake riƙe iska, shi ya sa idan ka kwanta a kai ba ka jin sanyin da sauran zannuwa ke yi da farko. Mai nauyin giram 170 a kowace murabba'in mita ya cancanci kuɗinsa, musamman in an taje shi ciki da waje. Wanda ya gaza haka sosai yakan yi saurin lalacewa.

Aibinsa biyu ne. Yana tsukewa a wankin farko, don haka in mai roba a gefe ne da ke kama katifa, a sayi mai zurfin da ya ɗara kaurin katifar. Sannan yana yin ƙananan ƙulle-ƙulle, galibi wajen ƙafafu, inda gogayya ta fi yawa.

Yawancin wannan ɓarnar a wurin wanki ake jawo ta. A juya rigunan filo baibai, a wanke zanin shi kaɗai, kada a haɗa shi da tawul ko kaya masu zif. Zafin ruwan kada ya wuce digiri 40, injin kuma a sa shi a juyi mai sauƙi, a bar masa sarari. Sabulu rabin abin da aka saba ya isa, domin wanda bai fita a ɗauraya ba shi ne yake bushewa cikin gashin ya sa zanin ya yi tauri. Sinadarin tausasa kaya kuwa, duk daɗin ƙamshinsa, a bar shi: maiƙo yake shafa wa zaren, gashin ya kwanta ya manne. Rabin kofin farin ruwan khal a ruwan ɗauraya ya fi shi aiki. Amma kada a kuskura a haɗa khal da bilic, iskar da suke fitarwa guba ce.

A injin busarwa a yi amfani da zafi kaɗan, a cire zanin da ɗan damshinsa, a shanya ya ƙarasa. Za a ga ɓurɓushin auduga da yawa a matatar injin a wankin farko-farko; ba lalacewa ba ce, yana raguwa. Guga ba ta da amfani a nan, danne gashin kawai take yi. In ƙulle-ƙullen sun riga sun fito, ƙaramin injin aske tufafi yana kwashe su, a shimfiɗe zanin sosai kafin a bi shi a hankali.