Hattara da mai gyaran ƙafar mota da ke zuwa har ƙofar gida a Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka, musamman masu tsofaffin motoci irina. Akwai wani bawan Allah da ke bin zaurukanmu na WhatsApp yana tallar gyaran ƙafar mota har ƙofar gida, wai dubawa kyauta. Hausarsa ras, bakinsa kamar zuma, daga "Alhajina" sai "ai mu 'yan gida ne". Ya ci mini riyal 1,450, kuma sai da na fara ƙorafi na gane ba ni kaɗai ya yi wa ba.

Camry ce gare ni, ƙirar 2008. Wata biyu da suka wuce ta fara wata 'yar ƙara a gaba ta hannun dama, ƙwas-ƙwas, duk sanda na hau matabb, wato tudun rage gudu, ko na bi titin da ya farfashe. A titi mai kyau kuwa tsit. Da ina da bakanikena, amma tun da aka rushe unguwannin Karantina da Sabil da Gulail kowa ya kama gabansa, lambarsa ma ta daina shiga. Abin da ya kai ni hannun wannan ke nan.

Bayan sallar Isha'i ya zo, kuma daga baya na ji kowa da daddare yake je masa. Ko jak bai kafa ba. Ya danna gaban motar sau biyu, ya kwanta ya haska da fitilar waya, ya miƙe da hannu jiƙe da mai yana salati. "Alhaji, Allah ne ya tsare ka. Musa'adat duka biyun sun zubar, magassat sun mutu, rukba saura ƙiris ta fita. In ka hau hanyar Makka da iyali a haka, taya za ta bar ka." Musa'adat su ne shokazoba, magassat (ɗaya magass) kuma ƙarafan da ke riƙe taya da jikin mota ta ƙasa. Ƙaryar tana shiga ne don akwai gaskiya a gindinta: rukba, wadda a gida muke ce wa boljoyin, in ta tsinke da gaske taya kwanciya take yi. Gabana ya faɗi, na daina lissafi.

Ya ce kayan wakala, wato na asali daga dillalin Toyota, zai kawo a rabin kuɗi, yana da hanya. Na ba shi 900 kafin alƙalami. Washegari ya tafi da motar, ya dawo da ita da yamma da kwalaye fanko masu tambarin Toyota a but, ya karɓi cikon kuɗinsa. Ina tsofaffin kayan? Yaran gareji sun kwashe. Ina fatura, wato rasit? "Haba Alhaji, in da fatura sai an ɗora maka harajin kashi 15, ni sauƙi nake nema maka." Ƙara ta ɗauke kwana shida. Ran na bakwai ta dawo, wayarsa kuma a kashe.

Wani maƙwabcina ya kai ni wajen wani dattijo a sana'iyya, unguwar garejoji, Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno. Ya ɗaga motar, ya karɓi makullina ya kankare jikin shokazoba. Baƙin fenti ne sabo a kan tsatsa. Ta dama tawa ce ta asali, wanka kawai aka yi mata. Ta hagu an canja, amma a ƙarƙashin fentin ga rubutun alƙalamin maka irin wanda 'yan tashlih ke yi wa kayan da suka ciro daga motar da ta yi haɗari. Wato ya cire mai lafiya ya sa mini gajiyayya. Magassat kuwa ko sufana ba ta taɓa notinansu ba, ƙurar shekaru na nan daram.

Na ce, "To Baba, ƙarar fa?" Ya kama wani siririn sandan ƙarfe da ke haɗa shokazoba da sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, mismar tawazun, ya girgiza. Ƙwas-ƙwas. Robar kansa ta yage, wancan mai zuwa gida ya cusa giris ya naɗe da robar tif, shi ne shirun kwana shida. Guda biyu da kuɗin aiki riyal 130 na biya.

Baba bai bar ni na tafi ba sai da ya sa na kama tayar da hannuna. Ya ce kowace ƙara da muryarta. In an ɗaga mota ka riƙe taya gefe da gefe ka jijjiga, in ta yi wasa, tayarod ne. Ka riƙe sama da ƙasa, in ta motsa, a duba boljoyin ko boris; shi boris ma yakan tona kansa da gurnani mai ƙaruwa in ka ƙara gudu. Ƙas-ƙas-ƙas in ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya, akus ne, sandar da ke juya taya, ba ruwan shokazoba. Gum ɗaya mai nauyi in ka taka burki ko ka tashi, bushin magass ne, kuma zafin Jidda ba ya barin roba ta tsufa da mutuncinta. Shokazoba mai zuba tun tuni za ka ga man ya kama ƙura ya yi baƙi ya daskare. Wanda ka ga yana sheƙi tas, tambayi daga ina ya zo. Sannan a irin Camry tawa boljoyin da notinansa yake, ana cire shi shi kaɗai, ba dole sai an sayi magass ɗungurungum ba. Duk wannan bai kai minti goma ba, amma sai an ɗaga mota, da rana, kana tsaye.

Ma'aikatar kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900 da manhajar Balagh Tijari. To ni me zan nuna? Ba shago, ba fatura. Tun Disambar 2021 faturar shago mai rajistar haraji ta na'ura ce, da ɗan tambarin nan da ake haskawa da waya. Wanda ya ce zai yafe maka haraji, hujjarka ya raba ka da ita. Kuma mutumin ya san waɗanda yake zaɓa: direbobin gida da ke tsoron kafil, wato ubangidansu, ya ji, masu iƙama (takardar izinin zama) da ta ƙare waɗanda ba za su doshi hukuma ba, da wanda fahas (gwajin lafiyar mota) ya matso yana son sabunta istimara (takardar rajistar mota) cikin gaggawa.

Masu cewa in saka sunansa da hotonsa, ku yi haƙuri. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan tana hukunta tashhir, wato tozarta mutum a bainar jama'a, da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ba zan bi riyal 1,450 in faɗa wannan ramin ba. Lamba ma canjawa yake yi, uku muka ƙirga zuwa yanzu. Ku dai gane shi da aikinsa: dare, ba jak, hannu da mai, zancen hanyar Makka.

Mu biyar ne yanzu, biyu daga ciki ta banki suka tura masa kuɗi, shaidar tana nan. Ran Lahadi in Allah ya kai mu za mu ofishin 'yan sanda tare. Wanda abin ya shafa kuma takardunsa lafiya, ya yi mini magana ta gefe, ya zo da kwalayen in bai zubar ba.